Hannun Hagu na Angona

Zuwa ga ɗana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na cikin jirgin. Allah Ya tsare ku daga sharrin ruwa da sharrin ƙarfe, Ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan sai godiya. Babanku yana nan yadda ka san shi. Gwiwa ta hana shi tsayuwa a shagon kafinta, amma ba ta hana shi zama a kan benci yana gaya wa masu aikin cewa ba haka ake riƙe zarto ba. Auta ta gama jarrabawa, tana jiran sakamako, kullum waya a hannu kamar a ciki aka haife ta. Ni kuma tabarau ɗin da ka aiko ya yi mini rana, yanzu da kaina nake zura zare a allurar keke ba sai na yi ta kiran mutane ba.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, tunda muna gaisawa a waya. To wayar taku ce, ana cikin magana sai murya ta tsinke, kai kuma kullum ana jiran ka a ɗakin inji. Maganar da ke bakina ba ta tsaye-tsaye ba ce. Ina so ka samu wuri ka zauna kai kaɗai, ka karanta har ƙarshe, fuskarka ta gama duk abin da za ta yi kafin ka kira gida. Shi ya sa na ba abokin aikinka da ya zo hutu ya kawo maka hannu da hannu. Kada gabanka ya faɗi, ba wanda ya rasu, ba wanda ke kwance.

A kan ɗanka ne, angona, wanda yau yake da wata biyu da kwana tara. Idan ka koma ka duba hotunan da ake tura maka, za ka ga hannunsa na hagu ko dai yana cikin safa ko yana ƙarƙashin tawul. Ba don sanyi ba ne. An haife shi da yatsu biyu a manne, na tsakiya da na kusa da ƙaramin, tun daga gindi har kusan kai. Kowanne da farcensa, kuma yana motsa su tare, in ya damƙe maka yatsa sai ka yi da gaske kafin ka ƙwace. Ranar haihuwar ungozoma ce ta ja ni gefe ta nuna mini, ta ce ba abin gaggawa ba ne, ta ba mu kati mu kai shi wurin likitar yara.

Yanzu ga inda na yi laifi, kuma gara ka ji daga bakina. Ka tuna matarka, Malama, ta zame a matakalar makarantarsu tana da ciki wata bakwai, bayan na yi ta fama da ita ta ajiye koyarwa har ta haihu. Da na ga hannun nan sai na shiga ɗakin da take kwance, ko ruwa ba ta sha ba, na ce ai ga irinta nan, sau nawa na ce ta zauna a gida ta ƙi. Ban tsaya nan ba, na ƙara da cewa mu dai a danginmu kaf ba a taɓa ganin haka ba. Wallahi tsoro ne ya yi magana da bakina, amma ita ba tsoron ta ji ba, maganar ta ji. Sai ta juya fuska ta kalli bango.

Da muka dawo gida ba ta rage ni da komai ba. Za ta gaishe ni da safe, ta tambayi ƙafar Babanku, ta amsa in na kira. Amma yarinyar da ka sani, wadda ke zuwa ta zauna a bakin shagona tana ba ni labarin ɗalibanta har na ɓata ɗinki don dariya, ta ɓace. Ta roƙe ni kada in gaya maka zancen hannun, na yarda, don ni ma ban san ta inda zan fara ba. Safar hannun ma ni na ɗinka su da ragowar yadi, guda shida, wai ina taimako. Katin likita kuwa ya kwanta a aljihun tebur. Ita tana tsoron a tabbatar mata laifinta ne, ni ina tsoron a ce za a yanke wani abu. Haka muka zauna gida ɗaya sati shida, kowa da tsoronsa, ba mai gaya wa ɗan'uwansa.

Wata Talata da safe ina cikin yanka yadin wata mata, sai ga Malama ta faɗo shagon babu takalmi, yaron a naɗe cikin tawul, ruwan wanka na ɗiga. Ta nuna mini kafaɗarsa ta hagu. Wani ƙurji ne ja ya taso kamar ƙwayar wake, har ya fashe yana fitar da ɗan ruwa fari. Ta ce abin ya fara hawowa, daga yatsu ya zo kafaɗa, saura ƙirji. Ni ma da na ga hannun nan ne dai na hagu, sai almakashi ya faɗi daga hannuna. Ko shagon ban rufe ba, Auta na bar wa, muka ɗauki katin muka tafi asibiti.

Mun zauna a dogon benci kusan awa biyu, yara na kuka ta ko'ina, kafin a kira mu. Likitar wata 'yar siririya ce mai tabarau, biro ya zubar mata da tawada a aljihun farar riga. A raina na ce wannan da kyar ta girmi Auta, me za ta sani. Ta duba kafaɗar, ta duba katin rigakafi, sai ta yi murmushi ta ce mu kwantar da hankali, wurin allurar tarin fuka ne da aka yi masa ranar haihuwa. Ta ce a cikin jinin kowa akwai wasu fararen ƙwayoyi da aikinsu tsaron jiki. Allurar tana ɗauke da ƙwayar cuta da aka raunana, su kuma fararen sai su taru a wurin, wasu su haɗiye ta, wasu su ɗauki kamanninta su kai wa 'yan'uwansu don su gane ta duk ranar da ta gaske ta zo. Kumburin taronsu ne, ruwan farin kuma yawancinsa gawar waɗanda suka gama aikinsu ne. Ta ce kada mu matsa, kada mu shafa komai, zai bushe ya bar tabo. Har ta sa na naɗe hannun rigata, ta nuna mini nawa tabon da na manta da shi shekara da shekaru.

Daga nan ta zare safar hannun da kanta, a hankali, ta buɗe tafinsa a kan nata tana yi masa wasa. Sai Malama ta fashe da kuka, ta tambaye ta kai tsaye ko faɗuwar da ta yi ce ta jawo. Likitar ta tambayi watan cikin a lokacin, aka ce bakwai. Ta jawo takarda ta juya bayanta, ta ce mu matso. Zan faɗa maka yadda na fahimta, in na yi kuskure ka tambayi matarka, ta fi ni riƙewa.

Ta ɗiga ɗigo ɗaya da biro, ta ce kowane mutum daga ƙwaya ɗaya ya fara, wadda ido ba ya gani, ana ce mata ƙwayar halitta. Ƙwayar sai ta kwafi duk umarnin da ke cikinta, ta rabu biyu, kowace ta tafi da cikakken kwafi. Biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, haka har lissafi ya gagara. Wasu su zama ƙashi, wasu fata, wasu jini. Ta ce da farko hannun ɗan tayi ba shi da yatsu a rarrabe, faffaɗa ne kamar ƙafar agwagwa, nawa da nata da na kowa haka suka fara. To abin da ya ba ni mamaki, ta ce ba tsirowa kawai yatsu suke yi su rabu ba. Ƙwayoyin da ke tsakaninsu ne ake ba umarnin su mutu, sai su ƙanƙance, su tattara kansu cikin tsari ba tare da ciwo ko jini ba, waɗancan masu haɗiya su zo su kwashe su tas. Inda suka mutu nan ne rata ke buɗewa. A hannun angona an yi wannan aiki a rata uku, a ta huɗun ne bai kammala ba, fatar ta zauna.

Sai ta kalli Malama ta ce duk wannan ana gama shi kafin ciki ya cika wata biyu, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da cikin ba. Ta ce a wata na bakwai yatsun sun daɗe da zama yadda suke, ko daga kan rufi ta faɗo ba za ta manne su ba, ko a gado ta kwanta wata tara ba za ta raba su ba. Ta maimaita har sau biyu. Ni dai ina zaune ina kallon tawadar aljihunta, don na kasa ɗaga ido in kalli kowa.

Bakina da bai iya shiru ba, na ce mata ni ban taɓa jin inda mutuwa ta gyara abu ba. Ta yi dariya ta ce ai yanzu haka da nake zaune, ƙwayoyi masu ɗimbin yawa suna mutuwa a jikina wasu na rabuwa suna maye gurbinsu. Fatar da nake wankewa kullum tana sabuntuwa, shimfiɗar cikin hanji kuma cikin 'yan kwanaki ake canza ta. Ta ce ƙwayar da ta lalace aka ce ta mutu ta ƙi, ta ci gaba da rabuwa ba tsayawa, ita ce abin tsoro, don ta haka ciwon daji ke farawa. Na tuna da marigayiya Innarku da ciwon nan ya ɗauke. Na ce a raina, ni da nake tela ya kamata in fi kowa ganewa, ba a taɓa fitar da hannun riga ba sai an zubar da wani yadin a ƙasa.

Can sai ta tambaya ko akwai mai irin wannan a dangi, don wani lokaci gado ne, wani lokaci kuma haka kawai yake zuwa. Malama ta ce ba ta san kowa ba a nasu. Ni ma na ce babu, amma muryata ba ta fita da ƙarfi irin na ranar haihuwa ba. Likitar ta ce ba lallai a hannu ba, ya fi yawa ma a ƙafa, yatsa na biyu da na uku, kuma mutane ba sa ɗaukarsa komai. Ɗana, sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi.

Da muka sauka daga mota ban shiga gida ba, na wuce shagon kafinta. Babanku na kan bencinsa yana ba da umarni. Na ce ya cire safar ƙafarsa ta dama. Ya ce a gaban mutane, lafiya? Na ce ya cire dai. Ya cire yana gunaguni, sai ga su nan, na biyu da na uku, a manne har rabi. Shekara talatin da huɗu ina ganin ƙafar nan, da hannuna nake shafa mata man zafi, amma ta zame mini kamar hancinsa ko kunnensa, ban taɓa haɗa ta da hannun jikana ba. Da na yi masa bayani ya ce ai haka ƙafar mahaifiyarsa take, kuma ba ta taɓa hana shi buga ƙwallo ba. Na ce to me ya hana shi faɗa duk kwanakin nan? Ya ce wa ya tambaye shi, tunda aka haifi yaron muna ta ƙus-ƙus muna rufe hannu, shi ya ɗauka ba a so a yi maganar ne. Likitar dai ta ce ba za ta rantse daga nan abin ya zo ba, amma Babanku ya riga ya yanke hukunci. Yanzu da silifa yake yawo, duk wanda ya zo sai ya gaya masa cewa cikin jikokinsa wannan ne ya gado shi. Kai ma ka duba taka ƙafar, ko da yake ni na yi maka wanka, na san a rabe suke.

Da la'asar na shiga ɗakin Malama, tana ba yaron nono. Na zauna a ƙasa kusa da gadon, ta yi ta cewa in hau kujera, na ƙi. Na ce mata na zalunce ta, na ɗora mata kayan da ba nata ba a ranar da ta fi bukatar uwa, ta yafe mini. Ta gyara wa yaron kwanciya a hannunta. Sannan ta ce ba faɗar da na yi ce ta fi ci mata rai ba, yardar da ita ta yi da maganar ce. Ta ce ita da ta karanta wannan abu a makaranta, har take zana ƙwayar halitta a allo, duk ilimin ya gudu ya bar ta, kullum in ta kalli hannun matakalar nan take gani. Ta jawo jakarta ta fito da wata takarda ta miƙo mini. Takardar ajiye aiki ce, ta rubuta ta sa hannu, ranar Litinin take shirin kaiwa. Yarinyar da ka san yadda ta sha wahala kafin ta samu ajin nan. Na ce ta yaga a gabana. Ta ce wa zai riƙe yaron in hutunta ya ƙare? Na ce angona ne, a shagona zai zauna, Babanku ya yi masa ɗan gado kusa da keke, in ya ga dama ya koyi ɗinki. Ta yi dariya hawaye na zuba, ta yaga. Mun daɗe a ɗakin nan, kuma abin da muka faɗa wa juna bayan haka namu ne.

Sati biyu da suka wuce mun koma aka ɗauki hoton ƙashin hannun. Alhamdulillahi, kowane yatsa da ƙashinsa da gaɓoɓinsa, fata ce kawai ta haɗa su. Ranar ce ma na ce wa likitar ni fa har yanzu ban ga waɗannan masu tsaron da take faɗa ba. Ta haɗa ni da mai gwajin jini na ɗakin kusa, ya huda mini yatsa, ya shafa a ɗan gilashi, ya zuba masa launi, ya ce in leƙa madubinsa mai ƙara girman abu. Na cire tabarau, na mayar, na rufe ido ɗaya, da kyar na gani. Jajaye birjik kamar an zubar da maɓallan riga, can tsakaninsu ɗaya-ɗaya masu ɗan girma da shuɗi-shuɗi a ciki. Ya ce su ne. Na ce sannunku da aiki, shekara hamsin da bakwai ban taɓa gaishe ku ba. Mutumin ya yi ta dariya har da riƙe tebur.

Likitan tiyata ya ce za a raba yatsun in yaron ya kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, lokacin ya yi ƙwarin da zai ɗauki maganin barci. Tunda tsawonsu kusan ɗaya ne, jiran ba zai karkatar da su ba. Wataƙila a ɗebi 'yar fata daga wani wuri a jikinsa a cike gefen, sauran kuma jikin ne zai yi da kansa, ƙwayoyin su rabu su rufe wurin. Ya ce zai riƙe biro, zai riƙe cokali, zai yi duk abin da yara ke yi. Ƙurjin kafaɗa kuwa ya bushe, saura ɗan tabo.

To ga abin da nake so da kai. Ka fara neman hutu tun yanzu ya dace da lokacin aikin, don ranar ba ni ya kamata in tsaya kusa da ita a bakin ƙofar ɗakin tiyata ba, kai ne. Kada kuma ka yi mata faɗan ɓoyewa. In akwai faɗa, ni za ka yi wa, ni na koya mata tsoro. Ta san ina rubuta takardar nan, ita ce ma ta ce in rubuta don bakinta ba zai iya ba. Idan ka gama karantawa ka kira ta ta hoto, ba ta murya kawai ba, ka ce ta nuna maka hannun. Fuskarka za ta kalla, ba maganarka za ta saurara ba, ka san da haka.

Babanku yana gaishe ka, ya ce in gaya maka ka rage shan shayi mai sukari. Auta na gaishe ka, Yayarka da mijinta da yara suna gaishe ka, Kawunka da Gwaggonka ma haka. Surukanka sun zo ranar Asabar, sun ce in isar da gaisuwa. Ka gaishe mini da mai dafa muku abinci, ka ce na gode da yake kula da cikinka.

Ka juya bayan takardar nan. Ɗazu Malama ta danne wa angona hannu a kai, ni na zagaya da fensir, shi kuma yana ta ihu yana harbin iska, shi ya sa layin ya karkace. Hannun ɗanka ke nan yadda yake, ba safa. Ka ɗora naka a kai kafin Allah Ya kawo ka ka riƙe na gaske.

Allah Ya yi maka albarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce mahaifiyarka mai yi maka addu'a kullum.